Shaidar Na-Gida: Daga Kasuwar Auduga ta Funtuwa Zuwa Injin Bincike na Intanet

Tambayar da wannan lacca ta sa a gaba ƙarama ce a ido, amma akwai dukiya a ƙarƙashinta. A ƙaddara ga wani attajiri a Funtuwa, yana da kamfanin sayen masara da waken soya, yana da na sayar da taki da irin shuka, sa'an nan yana da motocin dako, kowanne kuwa an buɗe masa shafinsa na intanet. To, in ya sa aka liƙa wa kowane shafi mahaɗi, watau kalmar nan da akan latsa ta kai mai karatu wani shafin, har shafukan nan uku suka riƙa nuna juna, shin wannan zai ɗaga su a jerin da injin bincike irin na Google ke fitarwa, ko kuwa zai jawo musu faɗuwa? Mai kamfanin abincin kaji a Ibadan wanda ya nemi mai sayar da masara ta wayarsa, da wuya ya wuce sunayen da suka fara bayyana. Wanda aka tura can ƙasan jeri daidai yake da wanda aka kafa wa rumfa a bayan kasuwa, inda ba mai bi sai wanda ya ɓata hanya.

Masu sana'ar gyaran shafuka sun rabu a kan amsar, wasu su ce a haɗa, wasu su ce kul. Abin da ya raba su shi ne sun ɗauka tambayar haihuwar kwamfuta ce, alhali kuwa ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Asalinta shi ne, yaushe maganar na-gida ke zama shaida? Alƙalai da 'yan kasuwar kudancin Katsina sun daɗe da amsarta a hannu, kuma za a ga cewa masanan da suka ƙera injunan bincike a Amurka, waɗanda ba su taɓa jin sunan Maska ko Malumfashi ba, kan wannan amsar suka dawo.

A fara da zauren alƙali. Da fiƙihun Malikiyya alƙalan ƙasar Katsina ke hukunci tun kafin jihadin 1804, Turawa kuma da suka ci ƙasar a 1903 sun bar musu shari'ar ciniki da bashi da gado. Littattafan da ke gabansu sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil na Masar. A babin shaida na littattafan nan an yi ƙa'ida mai tsauri. Ba a karɓar shaidar uba domin amfanin ɗansa, ko ta ɗa domin iyayensa, ko ta miji da mata domin junansu. Haka nan ba a karɓar shaidar duk wanda maganarsa za ta jawo masa riba ko ta kare shi daga hasara. Ɗan'uwa kam an buɗe masa ƙofa, amma ƙunƙuntacciya: Risala ta yarda da shaidarsa in adali ne, Halil kuwa ya ƙara da cewa sai ya yi fice a adalci, kuma ba daga tukunyar wanda yake yi wa shaida yake ci ba. Wanda alƙali bai san halinsa ba, sai an kawo adilai da suka daɗe da zama da shi sun tsarkake shi, abin da ake kira tazkiyya. Ashe ke nan nauyin shaida daga nauyin mai ba da ita yake zuwa, nauyin mai ba da ita kuma daga nauyin waɗanda suka tsaya masa.

Akwai wani bambanci a nan wanda ya kamata a riƙe, domin a kansa sauran bayanin zai hau. Tsohon da ya zo gaban alƙali ya ce ɗansa mai gaskiya ne, ba a yi masa horo. Kowa ya san ubansa ne, bai ɓoye ba, sai dai kawai ba a ɗora maganarsa bisa sikeli. Wanda ake horarwa, a tozarta shi a bainar jama'a, shi ne mai shaidar zur, watau wanda aka ɗauko aka kitsa masa magana, ya tsaya kamar baƙo wanda ba shi da kowa a cikin rigimar.

Kasuwa ma da irin tata hanyar. Falke ya sauka garin da ba a san shi ba, sai ya nufi gidan mai gida, mai gida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye ya karɓi la'ada. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya buga a 1969 kan Hausawan Sabo na Ibadan, ya nuna yadda masu gidajen fataken shanu ke da gidaje da dama da dillalai masu yawa a ƙarƙashinsu, suna miƙa baƙo daga wannan hannu zuwa wancan. Ba wanda ya ga aibin haka, domin duk kasuwa ta san dillalan nan yaran wane ne, kuma in mahauci ya ɗauki sa bashi ya gudu, mai gida ne zai biya. Lamuninsa yana da daraja saboda wuyansa ya sa. Irin wannan zaman na ubangida da yaransa Paul Clough ya tarar a cinikin hatsi da auduga sa'ad da ya zauna a ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, inda kuɗi ke bin hannu zuwa hannu kan yarda, ba takarda.

Amma akwai wani ɗan gida na dabam wanda kasuwa ta tsana. Mai doki ko mai sa yakan shirya da ƙanensa ko yaronsa, ya ɓullo ta wata kusurwa kamar bai san shi ba, ya yaba dabbar, ya taya da tsada, don mai saye na gaskiya ya tsorata ya ƙara kuɗi. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi. An hana shi, kuma a wurin Malikiyya, in ya tabbata da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin mayar da ciniki. Yaron nan da dillalin mai gida duk 'yan gida ne. Abin da ya raba su, ɗaya ya shigo da sunan gidansu a goshi, ɗaya ya rufe fuska.

Sa'ad da ciniki ya yi nisa har mai saye ba ya ganin mai sayarwa, sai lamunin mai gida ya kasa, a nan ne tarihin auduga ya shigo. Ƙasar Sarkin Maska, wadda Funtuwa ke cikinta, da ƙasar Galadiman Katsina, watau Malumfashi, sun yi suna a noman auduga da saƙa da rini tun ƙarni na 19. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester don neman auduga a ƙasashen da suka mallaka. Wajen 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, aka gina injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma, wadda aka gama a 1929, ta ratsa Funtuwa ta mai da ita tashar dila. Matsalar da ta taso a fili take. Mai masaƙa a Ingila ba zai zo Bakori ya damƙi auduga ya ji tsawon zarenta ba. Manomi kuwa kullum tasa lamba ɗaya ce, akawun kamfani kuma so yake ya kira ta lamba uku ya rage kuɗi. Maganin da aka yi shi ne aka keɓe kasuwannin auduga, aka hana saye a wajensu, aka sa malamin auduga, ma'aikacin hukuma wanda ba shi ne mai sayarwa ba, ba shi ne mai saye ba, ya duba kowane ƙunshi ya yanka masa lamba kafin a hau sikeli.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma gwamnatin soja ta kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, ta aje hedkwatarta a Funtuwa. Kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Manoma sun sha kuka da farashin hukuma, wanda sau da yawa yake ƙasa da na kasuwar duniya, malamin auduga kuma ɗan Adam ne, akan sami wanda ido ya rufe masa in an miƙa goro. Duk da haka lambar da ke jikin dila tana da ma'ana a ƙetare. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. Saye ya koma ƙauye ƙauye da gida gida, duba ya yi rauni, algus ya yawaita: a yayyafa ruwa, a zuba yashi, a ɗura auduga a buhun leda wanda zarensa ke cakuɗa da ita ya ƙi kama rini. Kowa ya zama mai yanka wa kayansa lamba, sai darajar audugar ƙasar ta zube a kasuwar duniya, har da ta manomin da bai taɓa yin ha'inci ba.

Halin da kasuwar auduga ta faɗa bayan 1986, cikinsa aka haifi binciken intanet. Tim Berners-Lee ya tsara saƙar shafuka masu mahaɗai a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva, aka buɗe ta ga duniya a 1991. Injunan bincike na farko, irin su AltaVista na 1995, abin da shafi ya faɗa game da kansa suka fi dogara da shi, watau kalmomin da ke cikinsa da yawan maimaita su. Nan da nan masu wayo suka gane, mutum ya rubuta kalma ɗaya sau ɗari da farin rubutu bisa farin shafi, ido ba ya gani, inji kuwa ya ƙirga. Yashi ke nan a cikin auduga.

Ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, su suka kawo malamin auduga. Dabarar da suka fara aiki a kanta a 1996, suka kafa kamfanin Google da ita a 1998, sunanta PageRank. An aro ta daga al'adar jami'o'i, inda ake auna takardar bincike da yawan masanan da suka ambace ta. Kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa wani, sai aka ɗauke shi tamkar shaida. Shaidun kuwa ba nauyinsu ɗaya ba: shafin da manyan shafuka suka nuna, nuninsa ya fi nauyi, kuma nauyin nan rarraba shi ake yi tsakanin duk waɗanda ya nuna, mai yabon mutum dubu yabonsa ba ya kai na mai yabon mutum uku. Wanda ya san tazkiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun a rubutunsu na farko mutanen nan biyu sun lura da wani rami: shafuka biyu da ke nuna juna kaɗai, ba sa nuna kowa a waje, za su riƙa tara daraja tana zagayawa tsakaninsu ba ta fita. Suka toshe ramin da lissafi, suka ƙaddara cewa mai yawo a intanet yakan bi mahaɗi sau 85 cikin 100, sauran 15 kuwa ya gaji ya yi tsalle zuwa wani wuri dabam, don haka darajar da aka kulle a zobe takan tsiyaye.

Wasu masanan sun fi su tsanani. Jon Kleinberg na Jami'ar Cornell, a dabarar da ya bayyana a 1998, kafin ya fara lissafi sai ya share duk mahaɗan da ke tsakanin shafukan adireshi ɗaya, bisa hujjar cewa yawancinsu nunin hanya ne cikin gida. Wanda ya fi kusa da zauren alƙali shi ne tsarin Hilltop, na Krishna Bharat da George Mihaila, wajen 1999. Tsarin ya fara da tantance dangantaka: shafuka biyu da lambobin kwamfutocin da ke ɗauke da su suka yi tarayya a kashi uku na farko, ko kuma sunayensu suka fito daga tushe ɗaya, 'yan gida ɗaya ne, kuma dangin dangi ma dangi ne. Sa'an nan ya kafa sharaɗi cewa shafi ba zai sami matsayi ba sai aƙalla shafuka biyu na ƙwararru, waɗanda ba su da dangantaka da juna ko da shi, sun nuna shi. Shaidu biyu adilai, ba uba, ba ɗa. Bharat ya kama aiki a Google a 1999.

Da aka daina ƙirga shaidar na-gida, sai najashi ya buɗe kasuwa. Mutum ya sayi adireshi hamsin, ya rubuta su da sunaye dabam dabam, ya warwatsa su a kwamfutocin kamfanoni dabam dabam, ya fi son tsofaffin adireshin da masu su suka saki don ya gaji darajarsu, ya cika su da rubutun banza, duka suna nuna shafinsa na gaskiya kamar baƙi ne suka gani suka yaba. Wasu suka mai da abin haya. A 2002 Google ya rage darajar wani kamfani na Oklahoma mai suna SearchKing wanda ke dillancin mahaɗai, kamfanin ya kai ƙara, kotun tarayya ta kore ta a 2003, ta ce darajar da Google ke bayarwa ra'ayinsa ne, tsarin mulkin Amurka kuwa ya kare ra'ayi. A 2005 manyan injunan bincike suka yarda da wata alama da mai shafi zai liƙa wa mahaɗi don ya ce nuni kawai ya yi, bai tsaya wa kowa ba. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda dubban mahaɗai na saye suka ɗaga babban kantin J.C. Penney, Google ya dulmiya shi ƙasan jeri na wajen wata uku. A Maris na 2012 aka share shafukan wata ƙungiyar haya mai suna BuildMyRank daga rajistar Google, ranar 24 ga Afrilun shekarar kuma aka saki sabon tsarin tacewa mai suna Penguin, wanda kamfanin ya ce ya taɓa wajen kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Ingilishi. Masu shaguna da yawa sun kwana da ciniki sun tashi babu.

Tambayar wannan lacca kanta an taɓa yi wa Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, a 2013: mai adireshi ashirin ya haɗa su ko kada ya haɗa? Ya fara da mamakin abin da mutum zai yi da adireshi ashirin. Sa'an nan ya bambanta kamfanin da ke da reshe a ƙasashe da dama, wanda ya dace ya ba mai karatu hanyar zuwa reshen ƙasarsa, da mai tarin shafuka masu kama da juna da aka jera sunayensu a gindin kowane shafi, wanda ya ce ya yi kama da maguɗi. Daga 2016 kuma Google ya sassauta hannu ta wata fuska, Penguin ya koma zubar da mahaɗan da bai yarda da su ba maimakon ya kayar da shafin gaba ɗaya, a Disamban 2022 kuma aka ƙara wani tsarin na kashe nauyinsu. Horon hannu, wanda ma'aikaci ke yankewa in ya kama shiri na ɓoye, shi kam ba a janye shi ba.

To, a koma ga attajirin Funtuwa. In shafukansa uku suna ɗauke da suna ɗaya a fili, kuma mahaɗin yana inda mai ciniki ke bukatarsa, watau wanda ya sayi taki buhu ɗari biyu a nuna masa inda zai sami mota, to wannan aikin mai gida ne da dillalansa, ba laifi a cikinsa. Yana ma da ɗan amfani na zahiri, domin manhajar Google da ke yawo tana tattara shafuka ta bin mahaɗai take gano sababbi, tsohon shafi yakan zama jagoran sabo. Haka manyan rukunonin kamfanoni ke yi, haka shafin Hausa na BBC ke nuna 'yan'uwansa na wasu harsuna. Amma kada ya sa ran haka za ta kai shi saman jeri, maganar uba ce a kan ɗansa. Abin da ke da nauyi shi ne ambaton da ba shi da ikon umurta, kamar a ce Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta sa shi cikin masu sayar da irinta, ko jarida ta kawo labarinsa. Kai, akwai ma abin dubawa ko raba suna gida uku dabara ce tun farko, tun da duk ambaton da aka samu shi ma gida uku zai rabu. In kuwa wani mai gyaran shafi ya ba shi shawarar buɗe shafuka talatin, wannan masarar Ɗandume, wancan masarar Ƙafur, wancan ta Ƙanƙara, a ɓoye mai su, duka su riƙa yabonsa, to ƙanensa aka ce ya turo ya taya doki. Mafi sauƙin abin da zai same shi kuɗinsa su tafi a banza, mafi muni a share har shafin da yake ci da shi.

Jami'o'i ma kada su yi dariya. Jerin Webometrics, wanda wata cibiyar bincike ta gwamnatin Sifaniya ta fara fitarwa a 2004, wanda kuma jami'o'in Nijeriya suka sha yin alfahari ko jin kunya da shi, ya daɗe yana ba da rabin maki ga mahaɗan da suka zo daga waje, nunin da tsangaya ta yi wa tsangaya bai shiga lissafi ba. A 2013 kuma kamfanin Thomson Reuters ya dakatar da wasu mujallun kimiyya na Birazil daga jerinsa, bayan an gano sun shirya ambaton juna don su ɗaga matsayinsu.

Saura abu ɗaya da ya bambanta Google da malamin auduga na Funtuwa. Malamin auduga ba shi da gonar auduga a kasuwar da yake dubawa, Google kuwa yana da rumfuna a kasuwar da yake yanka wa lamba: taswira, da bidiyo, da shafin kwatanta farashin kaya. A Yunin 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta same shi da laifin ɗora nasa shafin kwatanta farashi a saman jeri yana tura na abokan gasa ƙasa, ta ci shi tarar Yuro biliyan 2.42. Kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har shekara bakwai, ranar 10 ga Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da tarar.